Sharhi: Takunkumin ECOWAS a kan Nijar da iyakar ƙarfin babbar maƙwabciya

A ranar 26 ga Yulin 2023, dakarun tsaron fadar shugaban ƙasar Nijar ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tchiani suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Bayan kwana huɗu, shugabannin ECOWAS suka yi zama a Abuja bisa jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyakoki, aka dakatar da cinikayya, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarkin da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi.

ECOWAS tana da hujjarta. Yarjejeniyar dimokuraɗiyya da shugabanci nagari ta 2001 ta haramta karɓar mulki da bakin bindiga, kuma ƙungiyar ta taɓa tura sojoji Gambiya a 2017 har Yahya Jammeh ya sauka. Sai dai barazanar yaƙi ta ba sojojin Yamai damar sauya akalar muhawarar. Aka bar tambayar ko juyin mulkin ya halatta, aka koma tambayar ko wata ƙasa tana da hurumin shiga Nijar da makami. Har waɗanda ba sa ƙaunar mulkin soja suka tsaya a bayan tutar ƙasarsu.

Martanin duniya bai zo da murya ɗaya ba. Faransa ta mara wa ECOWAS baya, abin da ya ƙara wa talakawan Nijar zargin cewa da hannun tsohuwar uwargijiyarsu a lamarin. Tarayyar Afirka ta dakatar da Nijar a watan Agusta, amma ba ta ba da izinin yaƙi ba. Aljeriya ta fito fili ta ƙi amfani da ƙarfi, Mali da Burkina Faso kuwa suka ce taɓa Nijar tamkar shelar yaƙi ce a kansu.

Turjiya mafi tasiri ta fito ne daga cikin gida. Jihohi bakwai na Arewa, wato Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno, suna da iyaka da Nijar, kuma tsakanin Katsina da Maraɗi ko Illela da Birnin Konni jini ɗaya ne da kasuwa ɗaya. A ranar 5 ga Agusta, Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. Sarki Muhammadu Sanusi II ya gana da Tchiani, daga bisani ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ya bi sahu.

Ba a yi yaƙi ba, kuma takunkumin bai mayar da Bazoum kan mulki ba. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES a Satumban 2023, suka sanar da ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024. Ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024 bai sa sun sauya shawara ba, ficewar ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Sojojin Faransa sun fice a Disamban 2023, na Amurka suka bar Agadez a 2024, yayin da Yamai ta ƙara kusantar Rasha.

Duk da haka, diyaucin da sojojin ke tutiya da shi bai gusar da dogaro ba. Nijar ba ta da gaɓar teku, kuma madatsar ruwa ta Kandadji da ake sa ran za ta rage mata buƙatar wutar Najeriya ba ta kammalu ba. Ita ma Najeriya tana buƙatar haɗin kan Yamai wajen yaƙar Boko Haram a yankin Tafkin Chadi da 'yan bindigar Arewa maso Yamma, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ta zuba wa dukiya.

Hannun da ke ba da wuta yana iya kashe ta, amma duk ranar da ya yi haka, maƙwabci zai fara neman wata fitila. Ziyarar da Ministan Harkokin Waje Yusuf Tuggar ya kai Yamai a Afrilun 2025 ta nuna ɓangarorin biyu sun gane cewa tattaunawa ce ta rage musu.