Koke Kan Biyan Kuɗin Wutar da Ba Mu Sha Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Mu mazauna Sarandosa ta ƙaramar hukumar Maiyama, tare da 'yan'uwanmu na Jega da Aliero, muna gabatar da kukanmu gare ka cikin ladabi.

A farkon daminar 2025 guguwa ta kayar da manyan turakun layin da ke ɗauko wuta daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, jihar ta shiga duhu. Mu na ƙauye namu duhun ya fi tsawo, domin iskar ta karya mana turakun cikin gari, wayoyi suka zube ƙasa. Har bayan wuta ta koma birni, mu muna jiran gyara. Da jiran ya ishe mu, karo-karo muka yi gida-gida muka sayi turaku da waya. Ba mu ɗora wa kowa laifin iska ba, ikon Allah ne, mun karɓa.

Abin da ya kawo mu gabanka shi ne takardar bil. Mafi yawanmu ba mu da mita, ƙiyasi ake yi mana. Ƙarshen wata ya zo, aka kawo takarda da kuɗi cif, kamar ko daren guda ba a ɗauke wuta ba. Maƙwabtanmu 'yan ƙalilan masu mitar kati ba su kashe ko sisi ba a waɗannan makonni, tunda babu abin da suka sha. Taransifoma ɗaya muke da su, ranka ya daɗe, duhu ɗaya muka kwana ciki.

Masu injin niƙa da na casar shinkafa sun koma sayen man gas. Masu walda a Jega sun mayar wa mutane aikinsu. Mata masu ƙanƙara da zoɓo jarinsu ya narke a firji, wasu har yau ba su farfaɗo ba. Rijiyoyin burtsatse sun tsaya, muka koma wajen 'yan garuwa. Bayan duk wannan aka zo da tsani, aka yanke wa waɗanda suka kasa biya, aka naɗe wayarsu, aka ce sai sun biya bashi da kuɗin sake jonawa.

Sau biyu dattawanmu suka kai takarda ofishin kamfanin da ke ba mu wuta. Karon farko aka ce za a duba. Karo na biyu aka ce daga sama ake lissafin. Kwanaki 15 na aiki da ƙa'idarku ta ba kamfani don warware koke sun wuce tuntuni, damina ta fita, bashin yana nan yana hauhawa a sunayenmu.

Hukumarka ce ta sa wa kuɗin ƙiyasi iyaka a watan Fabrairu na 2020, kuma Dokar Lantarki ta 2023 ta ɗora mata kare haƙƙin masu shan wuta. Saboda haka muna roƙo a binciki awannin da layinmu ya samu wuta a lokacin, a soke kuɗin kwanakin duhu, a mayar wa waɗanda aka yanke wa wutarsu ba tare da tara ba. Sannan a sa mana mita. Takardun bil ɗin suna hannunmu, za mu kawo su duk ranar da aka neme mu.



Mu ne naka masu biyayya,
Mazauna Sarandosa, Jega da Aliero, Jihar Kebbi.