Mabuɗin Kwamfuta: Ajiya Maganin Wata Rana

Duk wanda ya sayi gida yakan adana takardar ciniki a ƙasan akwati, amma abin mamaki, masu kwamfuta da yawa ba su san inda shaidar mallakar manhajarsu take ba. Sai ranar da na'urar ta ƙi tashi, aka goge komai aka sake ɗora Windows, sannan allo ya nemi lambar nan mai haruffa da alƙaluma 25, waɗanda aka kasa gida biyar. A ganina wannan sakaci ne da ya kamata mu daina, musamman mu da ke jami'a.

Kafin a fara cigiya, ya dace mai karatu ya san cewa mazaunin mabuɗin ya sha canzawa. A shekarar 2001 ne kamfanin Microsoft ya fito da Windows XP, wadda ta zo da sharaɗin a tantance manhajar cikin kwana 30. Tun daga wancan zamani har zuwa Windows 7 ta 2009, akan buga mabuɗin a kan wata 'yar sitika da ake liƙawa a jikin kwamfuta, ko a ƙarƙashinta, ko a ramin batir. Zafi da gogayya sukan cinye rubutun, har mutum ya kasa bambance B da 8, ko G da 6. Da Windows 8 ta fito a 2012, sai masu ƙera kwamfutoci suka koma dasa mabuɗin cikin ƙwayar BIOS, wato a jikin babban allon na'urar. Irin wannan mabuɗi ba ya ɓata ko da an sauya faifan ajiya. Manhajar kan karanto shi da kanta yayin ɗorawa, kuma ana iya fito da shi ta hanyar PowerShell. Daga Windows 10 ta 2015 kuwa, kamfanin kan riƙe shaidar sassan kwamfutar a rumbunsa, ta yadda da zarar an haɗa ta da intanet za ta tantance kanta, muddin nau'in da aka ɗora shi ne na da. Wanda ya mallaki Home ya ɗora Pro, to, ƙofa ba za ta buɗe masa ba.

Saboda haka wanda mabuɗinsa ya ɓace sai ya fara da duba jikin na'urar, da kwalin faifan da ya saya, da wasiƙar imel ta ciniki. In kwamfutar tana tashi, akwai ƙananan manhajoji, irin su ProduKey, masu tono mabuɗi daga rajistar Windows. Sai dai a nan akwai tarko. A kwamfutocin Windows 7 da suka zo daga masana'anta da manhajarsu, abin da ke cikin rajista mabuɗin gama-gari ne na kamfanin da ya ƙera su, kuma ba ya aiki in an yi ɗorawa ta yau da kullum. Na jikin sitika shi ne na mai na'urar. Bugu da ƙari, tun watan Satumba na 2023 aka rufe hanyar tantance Windows 10 da 11 da mabuɗan Windows 7 da 8.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala alhali mai gyara yana da manhajar fasa ƙwauri da ke buɗe komai cikin minti biyu? Ba a musun cewa kuɗin lasisi yana da nauyi a aljihun ɗalibi. Amma araha ba ta ado. Irin waɗannan manhajoji sukan buƙaci a kashe mai gadin kwamfuta kafin su yi aiki, kuma sau da yawa ta nan ɓarayin bayanai ke shigowa. Ɗalibin da kundin digirinsa ke cikin na'urar, ko malamin da ke ajiye sakamakon jarrabawa, me zai sa ya miƙa wa wanda bai sani ba makullin ɗakinsa? Abin takaicin ma shi ne, da yawa daga kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka suna ɗauke da halastaccen mabuɗi a cikin allonsu, amma a danne shi da na jabu saboda rashin sani. Wanda kuwa ba shi da lasisi ko kaɗan, ga Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kyauta ce, ba ta neman mabuɗi.

Kamfanin ma yana da nasa laifin, domin bai kyautu a ce sai mai saye ya zama gwani kafin ya san abin da ya mallaka ba. Mutane ƙalilan ne suka san cewa lasisin da ya zo tare da kwamfuta a ɗaure yake da ita, in babban allonta ya mutu yakan bi shi, alhali wanda aka saya daban ana iya mayar da shi kan wata na'urar.

Shawarata ita ce, yau ɗin nan, tun kwamfutarka tana da lafiya, ka gano irin lasisinka, ka rubuta mabuɗin a littafi, ka ɗauki hoton sitikar, ka kuma haɗa lasisin da asusunka na Microsoft. Kowane sashe na jami'a shi ma ya buɗe kundin da zai riƙa rubuta lambar kowace na'ura da mabuɗinta, kamar yadda ake lissafin kayan ɗakin gwaje-gwaje. Kafin ka miƙa wa mai gyara na'urarka ya goge, tambaye shi: ina mabuɗina?