Gundumar Ramanathapuram

Ramanathapuram ɗaya ce daga cikin gundumomi 38 na jihar Tamil Nadu da ke kudu maso gabashin Indiya. Hedikwatarta tana garin Ramanathapuram. Tekun Palk ya kewaye ta ta arewa maso gabas, tekun Mannar kuma ta kudu, sannan tsibirin Pamban da ke cikinta ya miƙa har ya kusa taɓa Sri Lanka. Ƙidayar 2011 ta nuna tana da mutum 1,353,445. A 'yan shekarun nan sunanta ya fi fitowa a labarai saboda kamen da sojojin ruwan Sri Lanka ke yi wa masuntanta.

Tarihi da al'umma

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa gundumar a 1910 daga sassan Madurai da Tirunelveli. A 1985 aka raba ta gida uku, inda aka fitar da gundumomin da yanzu ake kira Sivaganga da Virudhunagar. Mafi yawan mazauna mabiya addinin Hindu ne, Musulmi kuma sun kai kimanin kashi 15 cikin 100, akwai kuma Kiristoci. Harshen Tamil ne harshen jama'a. Garin Kilakarai na bakin teku ya shahara da rubutun Arwi, wato Tamil da baƙaƙen Larabci, kwatankwacin ajamin Hausa. A garin Rameswaram da ke tsibirin Pamban aka haifi A. P. J. Abdul Kalam, shugaban Indiya daga 2002 zuwa 2007, kuma a nan ne wurin bautar Ramanathaswamy yake, wanda dubban masu ziyara ke zuwa.

Tattalin arziki

Ƙasar gundumar busasshiya ce, noma ya dogara da ruwan sama da tafkunan da ake tara shi. Ana noman shinkafa da barkono da auduga, amma fari yakan lalata amfanin gona. A 2018 gwamnatin tarayya ta sa ta cikin jerin gundumomin da ke baya a ci gaba waɗanda za a ba kulawa ta musamman. An samu manyan ayyuka, irin su tashar wutar hasken rana ta Kamuthi mai ƙarfin megawat 648 da aka buɗe a 2016, da sabuwar gadar jirgin ƙasa ta Pamban da aka ƙaddamar a watan Afrilun 2025 a madadin tsohuwar ta 1914. Duk da haka, ga ƙauyukan gaɓar teku kamun kifi ne babbar sana'a, kuma wanda ya rasa ta ba shi da wata mafita ta kusa.

Rikicin masunta

Tsakanin Dhanushkodi, ƙarshen tsibirin Pamban, da Talaimannar ta Sri Lanka kimanin kilomita 30 ne kawai. Saboda haka jirgin da ya tashi daga Rameswaram ba ya daɗewa yake isa iyakar ruwan ƙasashen biyu. An shata iyakar ne da yarjejeniyar 1974 tsakanin Indira Gandhi da Sirimavo Bandaranaike, wadda ta bar wa Sri Lanka ƙaramin tsibirin Katchatheevu da babu kowa a kansa. An bar wa masuntan Indiya damar zuwa tsibirin su huta, su shanya raga, su halarci bikin cocin Saint Anthony na shekara-shekara. Wata yarjejeniya ta 1976 kuma ta hana masuntan kowane ɓangare kamun kifi a ruwan ɗayan.

Tushen matsalar yana cikin salon kamun kifin. Tun daga shekarun 1960 jiragen inji masu jan taru a ƙasan teku suka yaɗu a kudancin Indiya, saboda jatan lande na da kasuwa a ƙasashen waje. Irin wannan taru yana kwashe ƙananan kifaye da ciyawar ruwa, ya kuma farfasa wuraren da kifi ke hayayyafa. Tekun Palk ba shi da zurfi, don haka ɓarnar ta yi saurin bayyana a ɓangaren Indiya. A lokacin yaƙin basasar Sri Lanka, daga 1983 zuwa 2009, an taƙaita wa masuntan arewacin ƙasar fita teku, sai jiragen Indiya suka saba shiga ruwansu. Da yaƙin ya ƙare, masuntan Jaffna da Mannar, waɗanda su ma 'yan ƙabilar Tamil ne, suka koma sana'arsu da ƙananan kwale-kwale, suka tarar manyan jirage suna yayyaga musu raga.

Sri Lanka ta haramta jan taru a ƙasan teku a 2017, a 2018 kuma ta ƙara tsananta tara a kan jiragen waje. Tun daga nan, ko an saki masunci bayan makonni a tsare, jirginsa yakan zauna a hannun hukuma, kuma sau da yawa da bashi aka saye shi.

Siyasa da matakan gyara

Jam'iyyun Tamil Nadu sun daɗe suna neman a dawo da Katchatheevu. Jayalalithaa ta kai ƙara Kotun Ƙoli a 2008, Firaminista Narendra Modi ya tayar da batun gab da zaɓen 2024, majalisar dokokin jihar kuma ta sake zartar da ƙudurin neman tsibirin a Afrilun 2025. Sri Lanka ta ce zancen ya riga ya ƙare. Sai dai ko da tsibirin ya dawo hannun Indiya, ɗan yankin ruwan da zai biyo shi ba zai ɗauki yawan jiragen ba, domin suna wuce shi su nufi gaɓar Sri Lanka inda kifi ya rage.

A ɓangaren Indiya akwai dokokin rage matsi: jiragen inji a tekun Palk kwana uku suke fita a mako, sannan ana hana su fita na kwana 61 daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Yuni domin kifi ya hayayyafa. A 2017 aka ƙaddamar da shirin maye gurbin jiragen taru 2,000 da jiragen kamun kifi a teku mai zurfi, amma kaɗan ne suka karɓa, saboda kuɗin da masunci zai sa daga aljihunsa da kuma doguwar tafiyar da sabon aikin ke buƙata. Ana kuma ƙarfafa noman ciyawar teku, sana'ar da mata da yawa ke yi a yankin Mandapam da Pamban.

Muhalli

Tsibirai 21 na tekun Mannar suna ƙarƙashin kariya tun 1986, kuma akwai murjani da wata dabbar ruwa mai kama da ayu a yankin. Wannan kariya ta ƙara rage wuraren da ƙananan masunta za su iya aiki. Su ne suka fi shan wahala: a bakin gaɓa doka ta taƙaita su, a cikin teku kuma manyan jiragen garinsu sun riga su kwashe kifin.