Gani ya kori ji, wani lokaci har da dariya

A wannan sati za mu leƙa Ingila, inda masu wasan kwaikwayo suka daɗe suna fama da gadon da wani ma'aikacin gwamnati mai suna Geoffrey Chaucer ya bar musu. Daga 1374 zuwa 1386 shi ne mai kula da kuɗin duwan na ulu da fatu a tashar jiragen ruwa ta Landan, ya kuma rasu a 1400. A littafinsa, Hikayoyin Kantabari, ayarin masu ziyara ne ke ba juna labari don rage nisan hanya. Cikin hikayoyi 24, akwai na wa'azi, akwai na jarumtaka, akwai kuma na batsa tsagwaronta.

Wadda ta fi shahara cikin na batsar ita ce ta mai niƙa. Wani tsohon kafinta ya auri yarinya ƴar shekara 18. Ɗalibin da ke haya a gidansa ya ruɗe shi da cewa ruwan ɗufana na tafe, har tsohon ya rataye kwami a rufin ɗaki ya kwana ciki, aka bar ɗalibi da uwargida. Wani manemin na biyu da aka wulaƙanta ta taga cikin duhu ya komo da ƙarfe mai zafi ya ɗana wa ɗalibin a mazaunai. Da ya yi kururuwar neman ruwa, kafinta ya zaci ɗufana ta iso, ya yanke igiya, ya faɗo ya karye a hannu, maƙwabta suka ce ya haukace.

A takarda wannan ba wuya. Chaucer da kansa ya shawarci mai jin kunya da ya juya shafi ya zaɓi wata hikaya. Amma ɗan kallo da ya sayi tikiti ya zauna kusa da surukinsa ba shi da shafin juyawa. Abin da kunne ke ɗauka da murmushi, ido kan kawar da kai gare shi.

Daga 1737 zuwa 1968 ba a nuna sabon wasa a gidajen kallon Ingila sai da iznin wani babban bafaden sarki. A shekarar da aka soke wannan doka ne aka fara wasan waƙe na hikayoyin a Landan, bisa fassarar Nevill Coghill, aka kuma nuna shi fiye da sau 2,000. A 2005 ƙungiyar wasan Shakespeare ta garin Stratford ta kawo na Mike Poulton a kashi biyu, masu ziyara na kan dandali suna ba da labarinsu.

A ganinmu nan maganin yake. Mai niƙa a buge yake, ya katse manya ya muzanta kafintoci. Wakilin gandu da ke cikin ayarin tsohon kafinta ne, sai ya rama da labarin mai niƙa ɓarawon gari, wanda ɗalibai biyu suka ci mutuncin matarsa da ɗiyarsa cikin dare. Ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Sai dai ɗiyar barci take yi sa'ad da aka auka mata, kuma ɗan kallon yau ya san sunan wannan aika-aika: fyaɗe. In an fid da mai ba da labari, an bar jama'a suna yi wa zalunci tafi. In an bar shi tsaye yana huci, sai a gane tsohon nan ƙeta ce ta cika masa ciki, dariya ta koma kansa.

Saboda haka mai shirya wasa ya yi hattara ta fuska biyu. In ya wanke batsar sarai, ya kashe hikayar. In ya tsaya kanta kaɗai, ya zubar da hikimar mutumin da ya yi shekara 12 yana nazarin halin fatake a bakin tasha. Abin da ya wajaba a gani a dandali shi ne wa ke magana, da kuma wanda yake so ya ƙuntata.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.