Wata ba ya ƙara gudu don mun ƙagu mu sha ruwa

Jiya a majalisarmu an kira ni ɗan boko aƙida. Laifina? Na ce duk wanda ya rantse ya ga jinjirin wata kafin a haifi watan, kada a karɓi shaidarsa, ko da rawaninsa ya kai tayar mota. To tunda azumi na ƙaratowa, bari in maimaita a nan, mai zagi ya zaga.

Wata yana kammala zagayen duniya cikin kwana 27 da awa 7 da minti 43. Amma ita ma duniyar ba a tsaye take tana jiransa ba, tana nata zagayen rana na kwana 365 da kusan awa 6. Kafin watan ya dawo inda ya tashi, ta yi gaba, dole ya ƙara tafiyar kwana biyu da 'yan awoyi kafin ya sake shiga tsakaninta da rana. Ku dubi agogon bango: dogon hannu yana gama zagaye a awa ɗaya, amma ba ya riskar gajeren sai ya ƙara minti biyar da ɗoriya. Shi ya sa daga haihuwar wata zuwa ta gaba ake samun kwana 29 da awa 12 da minti 44 a tsaka-tsaki. Wannan rabin kwanan ne ke sa wata ya zo 29 ko 30. Shekarar Hijira ta kama kwana 354 ko 355, azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, sai bayan kimanin shekara 33 ya dawo yanayin da ya baro. Dattawanmu sun yi azumin sanyi, sun yi na bazara, ba sai an koya musu ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024, 29 ga Ramadan a Najeriya, an yi husufin rana a Meziko da Amurka da Kanada. Husufin rana ba ya faruwa sai wata ya gitta gaban rana, wato lokacin haihuwarsa ke nan. An haife shi wajen ƙarfe 7:21 na dare agogonmu, bayan rana ta riga ta faɗi a Kano da Sakkwato. Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya sanar da cewa a cika 30, aka yi Sallah Laraba. Amma duk da haka an samu wuraren da aka ce an ga wata a daren, aka yi idi Talata. Don Allah me aka gani? Miliyoyin mutane suna kallon watan ya tare rana a wata nahiya, kai kuma kana nuna shi da yatsa a saman bishiyar darbejiya?

Ban ce ƙarya suka shirga ba. Ido mai ɗoki yana ganin abin da yake so: siririn gajimare, hayaƙin jirgi, wani lokacin ma Zara. Ko bayan haihuwar, ƙwararrun masu duba ba su cika kama shi da ido tsirara ba sai ya haura awa 15. Mutumin kirki ma yana kuskure.

Kuma ban ce a daina fita duban wata ba, a fita. Abin da nake cewa, lissafi ya zama rariya. Idan shaida ya zo da abin da ba zai yiwu ba, a yi masa godiya, a sallame shi. Alƙali ma ba ya karɓar shaidar wanda ya ce ya ga abu a Zariya alhali a ranar yana Maiduguri.

Abin da ke ba ni mamaki, masu cewa lissafin nasara ne, su ne jadawalin lokutan salla ke manne a masallacinsu, kuma da shi ladan yake kiran magariba ranar da hadari ya rufe gari. Husufin 29 ga Maris 2006 da ya duhunta Gusau da Katsina da Maraɗi da hantsi, an faɗi ranarsa da mintinsa tun shekaru kafin ya zo, bai saɓa ba. Al-Battani da Al-Biruni da suka ƙarar da rayuwarsu kan wannan lissafi ba daga Landan suka fito ba.

Shi wanda ya kira ni ɗan boko aƙida ƙanin mahaifina ne, don haka shiru na yi. Kawai da aka tashi na ga ya zaro waya yana duba saura minti nawa isha'i.