Da ruwan ciki akan ja na rijiya

 

Kun saba ji na ina zancen iri da taki da maganin ƙwari. Wannan karo zancen ruwan sha na zo da shi, ruwan da mutum zai zuba ma cikinsa. Na san wani zai yi dariya ya ce: malamin gona ya rasa abin faɗi, shan ruwa ma sai an koya ma mutum? To, a bari in faɗi abin da na gani da idona, sa'an nan kowa ya yi hukunci.

Bara, lokacin noman farko, na je wani gari cikin yankin da nake aiki, na tarar ana gayya. Samari sun kai ashirin, ga makaɗi yana zuga su. An aje tulu guda na ruwa ƙarƙashin wata aduwa. Akwai wani saurayi da ke gaban kowa, shi ne barden noman garin. Tun hantsi ban ga ya je wurin tulun ba ko sau ɗaya. Duk wanda ya aje hauya ya tafi shan ruwa, sai ya yi masa ba'a, ya ce rago ne. Kusan azahar sai muka ga yana tangaɗi. Ya faɗi cikin kunya, yana sambatu, bai san inda yake ba, jikinsa zafi kamar dutsen da ya wuni a rana. Nan take wasu suka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce jifa ne aka yi masa don baƙin ciki. Muka ja shi inuwa, muka tuɓe masa riga, muka jiƙa shi da sauran ruwan tulun, muka ɗora shi a amalanke sai likita. Allah ya yi da sauran kwana. Amma sai da ya yi sati biyu bai iya riƙe hauya ba, ciyawa kuwa ta cinye tasa gonar. Likita ya ce ba kome ya kayar da shi ba sai zafin rana da rashin ruwa a jiki.

Tun ranar abin ya tsaya mini a rai. Mu manoma mun fi kowa sanin darajar ruwa. Mai garkar albasa a Galmi ko Madawa ba ya ƙetare ranar ban-ruwa, ko da biki ake a gidansu. Mai shanun huɗa ba ya ɗaura musu garma sai ya tabbata sun sha. Ko jaki ana kai shi rijiya kan lokaci. Idan hatsi ya naɗe ganye da rana tsaka, kowa ya san abin da yake nema. Amma mai gonar da kansa, shi ne zai fita tun asuba da ɗan gora wanda bai cika litir guda ba, ya ce zai kai shi la'asar.

Ga yadda abin yake. Jikin babban mutum, fiye da rabinsa ruwa ne: cikin kashi 100, wajen kashi 60. Mutum mai nauyin kilo 60 yana ɗauke da ruwa wajen litir 36 a jikinsa. Jini da ruwa yake gudana. Ƙoda da ruwa take wanke dattin jiki ta fitar da shi cikin fitsari. Kuma idan jiki ya yi zafi, da ruwa yake sanyaya kansa, wato gumi. Dabarar iri ɗaya ce da ta randar ƙasa: tana tsattsafo a bayanta, iska na busarwa, ruwan ciki na yin sanyi. To, mai aikin ƙarfi cikin rana irin tamu yana iya zubar da gumi litir guda cikin awa ɗaya, wani lokaci ma fiye. Ku da kuka koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ku buga da kanku: daga ƙarfe 7 na safe zuwa ƙarfe 1 na rana awa nawa ne, litir nawa suka fita, kuma nawa ne cikin goran?

Abin da ke ruɗin mutane a ƙasarmu shi ne bushewar iska. Da bazara, a Tawa ko Damagaram, gumi kan bushe tun bai jiƙa riga ba. Mutum sai ya ɗauka ba ya zufa. Amma ya duba rigarsa da yamma, zai ga farin zane kamar na kanwa a baya da hammata. Gishirin jikinsa ne, ruwan da ya ɗauko shi ya tafi.

Zafin kuma ba na wasa ba ne. A watan Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 kusan kullum a Maraɗi da Ƙonni da Yamai. A farkon Afrilun 2024, a garin Kayes na ƙasar Mali, ya kai digiri 48 da rabi, kuma abin ya faɗo cikin azumi. Mutane da yawa sun rasu a wannan zafi, galibinsu tsofaffi.

Yanzu bari in zo kan maganar da na fi ji a gona, wadda ita ce ba na yarda da ita. Ana cewa namiji ba ya yawan shan ruwa wurin aiki, wai ruwa na sa ciki nauyi, yana kashe jiki. Akwai ɗan abin da ya sa ake faɗin haka. Mutumin da ya daure tun safe, sa'an nan ya zo ya kafa kai a ƙwarya ya shanye ta lokaci guda, lalle cikinsa zai yi nauyi, har ya ji amai. Laifin na daurewar ne da haɗiyar gaba ɗaya. Wanda ke kurɓar moɗa guda a kai a kai, kamar sau uku ko huɗu cikin awa, ba ya jin wannan nauyi. Kuma ku lura da shi wajen azahar: kunyarsa tana nan miƙe, saransa bai rage ba. Mai daurewa kuwa, ƙarfinsa ya fara sauka tun bai sani ba. Hannu ya yi nauyi, kai ya ɗau ciwo, rai ya ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya fara sare hatsi tare da ciyawa. Ni da nake bin gonaki ina auna aikin yini, na sha ganin haka. Jarumtakar da ke rage aiki, ta kuma kwantar da mai ita sati biyu a tsakiyar damana, ban ga ribarta ba. Magabata da suka ce da ruwan ciki akan ja na rijiya sun san abin da suke faɗi.

Wani kuma zai ce: ai ina sha idan na ji ƙishirwa. Ga mai zaune a inuwa wannan ya isa. Ga mai aiki a rana, ƙishirwa kan zo a makare, jiki ya riga ya yi asara kafin ta buga ƙofa. Akwai ma'aunin da ya fi ta, kuma kowa na ɗauke da shi, ba a sayensa. Ku yi mini gafara, fitsari ne. Idan yana fita da yawa, launinsa fari-fari kamar ruwan kara, jiki ya samu abin da yake so. Idan kaɗan ne, ja kamar shayin farko, yana wari, to a ƙara ruwa. Wanda ya wuni a gona bai zaga ba ko sau ɗaya, kada ya yi alfahari da haka. Ƙodarsa ce ke aiki babu ruwa. Irin wannan, shekara da shekaru, shi ke taimaka ma tsakuwa ta taru a ƙoda, kuma duk wanda ya taɓa ganin mai ciwon tsakuwa yana birgima a ƙasa ba zai so ta ga maƙiyinsa ba.

Nawa za a sha? Babban mutum da ba ya aikin ƙarfi, litir 2 zuwa 3 a yini, har da abin da ke cikin fura da kunu da miya. Mai noma cikin zafi kuwa, ya fita da bido mai litir 5 shi kaɗai, kada ya ji kunyar ya dawo da shi wayam. Ya sha kafin ya bar gida, ya ƙara idan ya dawo. Fura da farau-farau suna da kyau ƙwarai, don suna maido ruwa da ƙarfi tare, abincin da aka sa ma gishiri kuma yana maido gishirin da gumi ya kwashe. Shayi dai, ƴan kofuna uku ɗin nan ko rabin moɗa ba su cika ba, kada a lissafa su. Mutum ɗaya na ware: wanda likita ya ce yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, mai kumburin ƙafafu, shi ya bi adadin da likita ya yanka masa.

Na san inda maganata ke da rauni, kuma ba zan ɓoye ba. Da sauƙi malamin gona ya ce a sha litir 5. A garuruwan arewacin Dakwaro da Tanut, inda rijiya ke da zurfin da sai an sa dabba ta ja guga, kowane litir da wahala ake samunsa. Kuma wa ke wahalar? Mata da yara. Amma ku duba yadda ake rabon ruwan idan ya iso gida. Na shanu daban, na alwala, na girki, na wanka. Bijimi guda yana shanye bokiti biyu ko uku a yini. Ruwan shan mutanen gidan duka bai kai na dabba biyu ba. Idan za a yi tsimi, a yi shi wani wuri. Ina kuma roƙon magidanta masu amalanke: ranar da za a wuni a gona, ku ɗora bido biyu ku tafi da su. Kada a bar mace ta ɗauko ruwa a kai, ga goyo, ga ƙwaryar fura, ta yi tafiyar kilomita uku, sa'an nan ita ce ta ƙarshen sha. Mace mai ciki da mai shayarwa suna bukatar ƙarin ruwa.

Tsofaffi kuma, ƙishirwarsu ta yi sanyi, suna iya wuni ba su nema ba. A riƙa kai musu, a tsaya har su sha. Haka yaran da ke bin awaki daji, kowa a rataya masa gorarsa.

Jariri shi ne dabam. Wanda bai cika wata 6 ba, ba a ba shi ruwa, ko da bazara ce. Na san iyayenmu mata za su ce ban san zafi ba. Amma nonon uwa, fiye da kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kuma mai tsabta. Ruwan da aka ɗura ma jariri yana cika ɗan cikinsa ya rage tsotso, yana kuma iya kawo masa zawo. A ba uwar ruwan ta sha, ta ƙara ba shi nono. Yaro kuwa da zawo ya kama, kada a hana shi sha wai don zawon ya tsaya, wannan shi ke kashe yara. A karɓo ƙunshin garin gishiri da sukari a likita, a dama cikin litir guda na ruwa mai tsabta. Idan babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffu, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litir guda, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a kai shi likita.

Sai zancen wane ruwa. Manyanmu sun tuna kurkunu, yadda take kwantar da rabin gari daidai lokacin noma. An yaƙe ta da tace ruwa da gina rijiyoyi da fanfuna, har a shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida babu ita a Nijar. Amma ruwan tabki bai zama lafiyayye ba don haka. A 2018 cutar amai da zawo ta ɓarke a yankin Madarunfa, ta kuma dawo a 2021 a jihohi da dama. Tacewa da ƙyalle tana cire datti, ba ta kashe ƙwayar cuta. Idan ba na fanfo ko rijiya mai murfi ba ne, a tafasa shi, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Randa a rufe ta, a ware mata moɗa guda mai hannu da ba a aje ta ƙasa.

Akwai kuma abin da ya shafi aikina kai tsaye, wanda ke tayar mini da hankali duk inda na gan shi: bidon maganin ƙwari da aka mayar na ruwan sha. Na san yana da kyau, yana da murfi, ba ya yoyo. Amma dafin yana shiga jikin robar, sabulu da toka ba sa fitar da shi. Idan magani ya ƙare, a ɗauraye bidon sau 3, a juye ɗaurayar cikin fanfon feshi, a huda gindinsa da wuƙa don kada wani ya yi sha'awarsa, a kawo ma malamin gona. Na ruwan sha a nemi wanda aka zuba man girki, a wanke, a naɗe shi da tsohon buhun gwado a jiƙa, zai riƙe sanyi har azahar.

Idan kuwa abin da ya samu saurayin nan ya samu wani a gabanku, kada a tsaya gardamar iska ce ko jifa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jikinsa duka, a yi masa fifita. Idan yana cikin hankalinsa, a ba shi ruwa kurɓi-kurɓi. Idan ya suma ko yana sambatu, kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a ɗaura amalanke, ana tafiya ana jiƙa shi. Addu'a ana yin ta a hanya.

Ga sarakunan noma da masu kiran gayya bana, roƙona guda ne. Ku ƙidaya mutanen da kuka gayyata, ku tanadi ruwa daidai da su, ku sa yara biyu su riƙa bin kunya da ƙwarya suna miƙawa, don kada kowa ya ji nauyin aje hauya. Makaɗi ma a gaya masa ya riƙa sauke ganga lokaci-lokaci, kowa ya sha, har da barden da ke gaba.