Wa Zai Rubuta Tarihin Shago?

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma da mu marubuta nake.

A ƙasar Amurka suna da irin tasu ƙwallon ta runguma da ture-ture. Ka tambaye su wa ya fara cin abinci da ita, nan take za su ce maka William Heffelfinger ne. Ranar 12 ga Nuwamba 1892 ƙungiyar Allegheny ta biya shi dala 500 ya buga mata wasa ɗaya. A ɓoye aka yi biyan, amma wani ya rubuta a littafin kuɗin ƙungiyar. Mutumin ya rasu a 1954, daga baya takardar ta fito ta ba da shaida.

To mu fa? Tun kafin bature ya kawo ƙwallo mahauta ke naɗa zare a hannu, in kaka ta yi su bi gari gari suna dambe, a yi musu kari da kuɗi da riguna. Sana'a ce sosai. A nan Kajiji ka ambaci Shago ko Ɗandunawa ko Ado Ɗan Kware a majalisar dattawa, sai hira ta ɓarke har la'asar. Amma tambayi shekarar da aka yi karon, ko abin da aka ba wanda ya yi kisa, kowa da tasa amsar. Ba don waƙoƙin Ɗan'anace ba, da yaran yanzu ko sunan ba su sani ba. Shi kuwa makaɗi aikinsa zuga gwaninsa, ba ya riƙe kwanan wata.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fi mu. Sun fara kokawar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma kowane zagaye a rubuce yake.

Wani zai ce littafin dambe ba zai yi kasuwa ba, soyayya ake saye. Ni ma da soyayyar nake cin tuwo. Sai dai wanda ya bar gida da zare da laya, ya dawo ko da suna ko da karaya, wane jarumin littafi ne ya fi shi labari?

Dattawan da suka ga wasan da idonsu kullum raguwa suke yi. Mu ɗauki biro da rikoda mu same su tun suna da rai. Allah Ya ba mu iko, amin.